Kadada Goma Sha Biyu na Bakin Ruwa

Zuwa ga Yaya Tjitske,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Harm, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan Friesland lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Matata Aukje ta warke daga tarin da ya dame ta, 'yarmu Femke kuwa ta gama makarantar noma, yanzu ita ke tatsar shanu da safe.

Yaya, magana ce mai nauyi ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ƙungiyarmu ta manoma takwas, da muke haɗuwa duk hunturu a kicin ɗin ɗayanmu, mu sha kofi, kowa ya baje littafin gonarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akawu kan auna mana abu guda: kowace Yuro ɗari da ke kwance a gona, ta mutum ce ko ta banki, nawa ta haifar a shekara. Shekara biyar ni ke zuwa na ɗaya, har maƙwabcina Wiebe yana cewa shanuna ba madara suke bayarwa ba, zinariya ce. Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye miki ba.

Bana aka kawo sabuwar akawu, Marrit, mai bin takarda layi-layi. Ta tambaye ni kadada goma sha biyun nan na bakin ruwa da kuɗin wa na saye su, don ba ta gan su a bashin banki ba. Na ce gadonki ne, kin bar mini tun rasuwar Baba don kada gona ta rabu. Ta ce to nawa nake biyan ki a shekara. Na ce ban taɓa biyan ki komai ba. Ta ce ai wannan ma bashi ne, mai shi ce kawai ba ta magana. Ta ɗora masa kuɗin ruwan da banki zai karɓa, ta sake lissafi a gaban kowa, na faɗo na bakwai. Wiebe ya yi dariya ya ce ashe zanen aro ne, shi ya sa bai rufe katara ba. Da ya dubi fuskata sai ya miƙo mini kofi.

Kunya ta kama ni ƙwarai. Na tuna ɗanki Jelle ya taɓa gaya mini har yanzu a tsaye kike wuni a kamfanin nama can Alberta, kina da shekara sittin da uku, saboda kuɗin fansho ba zai ishe ku ba. Na ce masa Allah Ya kawo sauƙi, na ci gaba da ba shi labarin sabon injin tatsata.

Na je banki neman bashin da zan biya ki, sun ce ba za su ƙara mini ko sisi ba. Don haka na yi ciniki da Wiebe, zai sayi filin, kuɗin duka naki ne. Shanu talatin za su tafi, tunda babu ciyawar da za ta riƙe su. Na san za ki ce a bari, kamar kullum. Wannan karon ba shawara nake nema ba. Takardun lauya suna hanya, sa hannunki kawai suke jira.

Ki gaishe mini da Harm, da Jelle da matarsa Karen, da ƙaramar jikarki. Aukje tana gaishe ki. Femke ba ta ce a gaishe ki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Kwana tara ke nan ba ta yi mini magana ba, don tana ganin abin da zai rage ba zai ciyar da ita ba idan na sauka na bar mata gonar. Wataƙila tana da gaskiya. Ni ne na raine ta a kan gonar da ba tamu ba ce duka, ni ya kamata ta yi wa fushi. Ki sa hannu, Yaya, ki je ki zauna ki huta.

Ƙaninki,
Sjoerd