Ranar da Aka Rufe Shaguna Saboda Mai Ƙiyasi

Zuwa ga jikata, amaryata da ta guje ni,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da wannan mutumin da ya ƙwace mini ke. Na koma ga takarda ne saboda kunnen ya ƙara nauyi, in kin kira ni a waya ƙugi kawai nake ji. Ki yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne.

Kin san rufin benen nan ya gaji. Ruwan bara ya bi ta ɗakina ya sauka har shagon tela. Na je banki neman rancen gyara, na sa benen jingina. Babanki ya ce in suka hana, sai a sayar, in koma ɗakin baƙi a gidansa, wancan da tagarsa ke kallon katanga. Ni kuwa a nan kakarki ta cika, a nan nake so a zo a ɗauke ni.

Bankin ya ce zai turo mai ƙiyasi ya kimanta ginin. Na shirya masa kamar yadda muke shirya wa sufeto lokacin ina koyarwa. Na sa aka yi fenti. Na roƙi 'yan haya su rufe shagunansu ranar, kada hayaniya ta dame shi. Mai walda ya ja ƙarafansa bayan gida, mai aski ya sauke allonsa, mai kemis ta yi gunaguni amma ta rufe. Tun da aka gina wurin bai taɓa yin tsaf haka ba. Mutumin ya zo, ya auna, ya ɗauki hotuna. Ya nemi takardun haya, na ce tsakanina da mutanena magana ce. Ya rubuta wani abu, ya tafi.

Jiya sakamako ya fito. Kimar da ya ba ginin ba za ta ɗauki ko rabin rancen ba. Ke da wannan ne aikinki, gaya mini: fentin ne bai yi masa ba?

Ki huta lafiya.
Kakanki

*

Ranka ya daɗe, angona mai fenti,

Ina gaishe ka da jiki. Kaka, ka yafe mini, na yi dariya har abokan aikina suka leƙo. Daga baya kuma na yi hawaye.

Fentinka ba shi da laifi. Gidan kwana ake yi wa kwalliya in za a kimanta shi. Ginin kasuwanci kuwa, abin da yake kawowa ake dubawa. Mai ƙiyasi zai haɗa hayar shekara, ya cire kuɗin gyara da haraji da na shara, abin da ya rage a kansa ake ɗora darajar ginin. Daga nan fayil ɗin ya zo teburin mai tantance rance, irina, mu kuma tambayarmu ita ce: wannan ragowar za ta biya banki kowane wata har a samu rara? Kai kuma ka nuna wa bawan Allah ƙofofi a garƙame, ba allo, ba takarda. Me zai rubuta? Shaguna ba kowa. Ka ɓoye masa dukiyarka da hannunka!

Ba bankinmu ba ne, kuma ko namu ne ba za a bar ni in taɓa fayil ɗin kakana ba. Amma kana da damar neman a sake ƙiyasi. Kafin nan kowane ɗan haya ya sa hannu a yarjejeniya, a rubuta haya da shekarun da zai zauna. In shekarun da yawa, hankalin banki ya fi kwanciya. Ga samfuri na haɗo maka. Ranar da mai ƙiyasin zai dawo kuma, don Allah kada a share ko ƙofar gida.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Amaryarka

*

Jikata,

Ina gaishe ki. Kin ji ni shiru, kunya ce ta riƙe ni. Mutumin da ya zauna da kai tun gashinsa baƙi har ya yi furfura, ka ce ya sa maka hannu? Ai ka ce masa ba ka yarda da shi ba ke nan. Kuma gaskiya tun rasuwar kakarki ban cika sauka ba, na ɗauka haƙuri kawai suke yi da ni.

Daga ƙarshe na dafa bango na sauka, na fara da mai aski. Ina ta kwana-kwana, ya ajiye almakashi ya ce, "Malam, takarda ce a hannunka ko me?" Na miƙa masa ina sunkuyar da kai. Ya karanta, sai ya leƙa waje ya ƙwala kira: "Ku fito, tsoho ya waye!"

Ashe tun da suka ji babanki na maganar sayarwa hankalinsu a tashe yake, don sabon mai gini zai iya korarsu rana ɗaya. Mai kemis ta ce, "Baba, mun daɗe muna son takardar nan, nauyinka muke ji." Tela ya ce a rubuta masa shekara goma. Mai walda ya ce, "Kai da ɗinkinka ba ya kai wata, ina kai ina shekara goma?" Suka rako ni sama, suka cika ɗakin, wasu a bakin gado. Rabon da a nemi wurin zama a rasa a ɗakin nan, na manta.

Mai ƙiyasi ya dawo ranar da ciniki ya fi kankama. Da ƙyar ya sami inda zai ajiye mota. Keken tela na gudu, layi a kemis, tartsatsin walda na tashi. Saboda ƙarar dole ya ɗaga murya, karo na farko ke nan da na ji duk abin da ma'aikacin banki ya faɗa. Ya ce, "Baba, ginin nan ne kuwa na zo kwanaki?" Na ce shi ne, wancan karon mun yi maka kara ne. Ya bi shago-shago da takardun a hannu, yana tambaya yana rubutu, har mai aski ya zaunar da shi ya rage masa gemu.

Yanzu sai jira. Ki sa mu a addu'a.
Kakanki

*

Amaryata,

Sun amince. Masu rufi suna sama yanzu haka, guduma a kaina, walda a ƙarƙashina, kuma duk ina jin su sarai. Ki gaya wa babanki na gode, ya ba wani ɗakin baƙin.

In za ki zo, ki turo saƙo tukuna. Ba kullum ake samun kujera a wurina ba yanzu.

Naki,
Mai bene