Kujerar da Ta Yi Shiru

3 ga Oktoba

Ƙanena Osbert,

Gaisuwa daga ni da Mama, da fatan sanyin New York bai kama maka ƙirji ba. Ba dogon zance zan yi ba. Rijiyar makaranta ma gishiri ya shige ta, ita ce ta ƙarshe. Gwamnati ta ce in injin tace ruwan teku bai zo kafin rani ba, a Janairu za a kwashe mu kaf zuwa babban tsibiri. Mama ta rantse ba za ta shiga jirgin ruwa ta bar kabarin Baba ba. Shekara goma sha ɗaya kana ɗaure wuya da laktaye kana wakiltar ƙasa a majalisar ƙasashen duniya, yau dai a ga amfaninka, ranka ya daɗe.

Yayarka, Ilma

20 ga Oktoba

Yaya Ilma,

Ina gaishe ki, a gaishe min da Mama. Ki rage zolaya, wata tara ina bin wakilan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya kan a ba mu injin nan, har a layin shan kofi. Ranar Alhamis ta sama maganar za ta zo gaban kwamiti. A nan ba a cika jefa ƙuri'a ba. Shugaban zama zai tambaya ko akwai mai ja, in aka yi shiru ya buga guduma, shi ke nan. Abin da ke damuna kawai, tun da abokiyar aikina Madam Delphine ta yi ritaya ni kaɗai ne a ofishinmu, ga kwamiti shida. Amma ki ce wa Mama ta kwantar da hankalinta.

Naki, Osbert

9 ga Nuwamba

Osbert,

Gaisuwa. Alhamis biyu sun wuce, ko waya ba ka ɗauka. Fasto ya riga ya sanar a coci cewa inji na hanya, har tafi aka yi wa Mama. Wai me ake ciki ne?

Ilma

16 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma kunya ce ta hana ni ɗaukar waya. Wata ƙasa ta yarda ta mara mana baya in na zaɓi ɗan takararta a wani zaure da ke ƙasan bene, a daidai ranar da lokacin zaman kwamitin. Maganarmu ce ta shida a jadawali, na ce ai zan je in dawo. Minti goma sha biyu na yi, Yaya. Ashe biyar ɗin farko sun wuce babu mai tari. Da aka zo kanmu wani wakili ya ce lokaci ya ƙure, a ɗage zuwa zaman baɗi. Shugaba ya tambaya ko akwai mai ja, ya dubi allon sunan ƙasarmu, babu kowa a bayansa. Ya buga guduma.

Na tare shugaban a bakin ƙofa ina haki. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba abokina, kai ma ka san ƙa'ida. Kujerarka ta yi shiru, me zan yi?" An rubuta cewa kowa ya amince da ɗagewar, har da mu. Na bi ofis bakwai, duk sun tausaya min, babu mai ikon buɗe maganar kafin Satumba. Babu wanda ya ƙi mu, ni ne ban zauna ba. Na tsani kaina. Ki faɗa wa Mama gaskiya, ni ba zan iya ba.

Ƙanenki, Osbert

19 ga Janairu

Osbert,

Gaisuwa daga babban tsibiri. Maza biyu ne suka ɗauko Mama zuwa cikin jirgi, ta tsura wa ƙauyen ido har ya ɓace mana. Sannan ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, don ta san a ɗakin taron nan kai kaɗai ka tsaya mana har ƙarshe. Ban gyara mata ba. Kai ma kada ka gyara.

Allah ya tsare.

Ilma