Tsutsar Faransi Ta Kai Ni Biko

Zuwa ga mai girma Darakta, mai gandun furannin Turawa da ke kan hanyar Pitowa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Alhaji Ɗanjuma, mahauci a kasuwar Garwa, wanda ya sayi itatuwan roz, jan furen nan mai ƙaya, a wurinka farkon daminar bana. Ga kukana.

Na ɗaya. Ba wanda ya tilasta ni. Nama na kai gidan wani babban ma'aikaci, na ga jan fure a ƙofarsa, raina ya biya. Ni da ban taɓa shuka ko albasa ba, na tumɓuke lallen matata Hajiya Asabe, wanda ta kawo daga gidansu, na dasa naka.

Na biyu. Ka ce daga Faransi icen ya zo, ba ka ce da baƙinsa ya zo ba. Wani ɗan ƙuda mai rawayan ciki ya riƙa tsaga reshe yana zuba ƙwai. Ma'aikacinka ya ce wai da zartonsa aka halicce shi. Sai ga tsutsa koriya mai ɗigon baƙi ta yi sahu a bakin ganye. In na matso, duk su ɗaga mini gindi sama lokaci guda. Wallahi tunda nake ba a taɓa yi mini rashin kunya irin wannan ba, kuma a cikin gidana!

Na uku. Kajin Hajiya ne kaɗai ke rage su, amma ni mai wayo na kore su kada su tone saiwa. Na samo maganin feshin auduga, na zuba ba awo. Tsutsa ta zube, kaji suka dawo suka tsince. Kafin la'asar ba kazar da ke motsi. Ina mahauci, ko ɗaya ban samu na yanka ba.

Na huɗu. Hajiya ta tafi gidan wanta a garin Ngong. Matar nan ba ta taɓa yaji ba, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. A kasuwa yanzu Alhaji Fure ake kirana.

Roƙona, ka riƙa duba rassan nan kafin ka sayar. Sannan don Allah ka raka ni biko. Wan nata ya ce sai ya ga mai sayar da ƙaya da idonsa, in ba haka ba ni ne na taɓu, kuma ba zai ba mahaukaci ƙanwarsa ba.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka da masu saye irina.

Wassalam.

Alhaji Ɗanjuma Mahauci, Garwa.