Ni na hau tsamiyar, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin rahama da hasken kabari. Dalilin wannan takarda shi ne wata ƙarya da na yi miki, kika tafi da ita a matsayin gaskiya.

Kin tuna shekarar farin nan da shamuwa ta zo ta yi sheƙa a tsamiyar bayan gidanki, ruwa kuwa ya ƙi zuwa? Lokacin ina sabon malami, ina ji da kaina. Na shirya wa 'yan aji biyar wani aiki: mu karanta labarin tsuntsaye a aji, sannan mu je mu kalli shamuwa, kowa ya rubuta abin da take ci da inda take kiwo, ya zana sheƙarta.

Kika yarda, amma da sharaɗi. Kika ce, "Ku duba da ido. Wagga baƙuwar damina ce, ba a taɓa ta." Yaran nan da ko ƙadangare ba sa ƙyalewa, ba wanda ya ɗauki dutse. Wata yarinya ta cika shafi biyu a kan yadda uwar ke farautar fara a busasshiyar fadama.

Sai aka ce manya za su zo daga Sakkwato duba makaranta. Hedimasta ya ce zane da rubutun yara ba za su burge kowa ba, a kawo sheƙar kanta a ɗora a tebur. Na amsa masa da to, Inna, don ina kwaɗayin yabo. Ranar kasuwar Isa, da kika tafi neman dusa, na tuɓe riga na hau tsamiyar da gatari. Na sare reshen, na sauko da sheƙar da ƙwai uku a ciki, uwar tana kewaya kaina.

Da kika dawo kika ga reshe a ƙasa, kika ce, "Wa yah hau iccen ga?" Na ce wataƙila masu shanu ne, tunda a shekarar kowa ya san suna saran rassa don dabbobi su sami ganye. Ban ambaci suna ba, amma na san mutum ɗaya ne zai faɗo miki a rai: Sambo, Bafulatanin da shanu biyu suka rage masa, wanda kike bari ya shayar da su a rijiyarki, don ita kaɗai ke da ruwa a gefenmu. Washegari kika tare shi a bakin rijiya da guga a hannunsa, kika ce kar ya ƙara zuwa. Ina tsaye a zaure ina ji.

Manyan kuwa sai bayan kwana shida suka zo. Ƙwan ya lalace a zafin rufin kwano, ɗaya ya fashe, wari da ƙudaje suka cika aji. Babbansu ya toshe hanci da hankici, ya ce a fitar da wannan ƙazanta, ya wuce ofis cin kaji, a garin da mutane ke dafa ganyen tafasa su ci su kwana. Littattafan yaran ko buɗewa ba a yi ba. Tir da su, tir da hedimasta, amma wallahi ƙyamar da nake ji ta kaina ta fi. Da hannuna na kwashe na zubar a bayan aji, yara suna kallona.

Sambo ya yi mako yana kora shanunsa zuwa gulbi yana tonon yashi. Ɗaya ta faɗi a hanyar Tozai ba ta tashi ba. Ranar da zai bar ƙasar ya tsaya ya gaishe ni, ya ce, "Malam, na gane ka bisa icce rannan. Ban hwaɗi ba, don kar in shiga tsakanin uwa da ɗanta." Ya ja saniyarsa ya yi kudu. Ban sake jin labarinsa ba.

Inna, ke da ba ki taɓa hana kowa ruwa ba, ni na sa ki. Ko a ciwonki na ƙarshe, da aka yi zancen farin, kin ce Allah ya isa tsakaninki da wanda ya kori shamuwa, kika kira sunan Sambo. Ina riƙe da hannunki, na ce amin.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki abin da kika yi bisa maganata, ya shayar da ke da Sambo daga Alkausara. Ya Allah, kada ka karɓi waccan addu'ar tata a kan bawanka Sambo. In kuwa dole sai ta sauka a kan wani, ka san wanda ya hau.

Ɗanki mai neman gafararki,
Garba