Baitin da Ya Yi wa Halliru Wankan Gazuwal

Hajiya Karimatu, ki agaje ni, zuciyata ta zama kwalekwale a tsakiyar Binuwai, ba filafili.

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da gyaran injinan ban-ruwa a wani kamfani a nan Garwa. Littattafan gyaranmu da Faransanci suke, kowanne kamar tubali, don haka na riƙa mayar da matakan aiki zuwa baitocin Hausa a gefen shafi, ɗalibai suna haddacewa. Yanzu shugabarmu, Madam Geneviève, ta ce a ɗora komai a intanet. Makanikai masu fita daji suna son taƙaitattun matakai, domin rezo, wato sabis ɗin waya, a gonakin shinkafar Maga sai ya ga dama yake leƙowa. Ɗalibai kuwa suna son bayani mai tsawo, da hotuna, da baitocina.

Ga inda ƙaya take. Mun ɗora shafi ɗaya na gwaji, ɗauke da baitin da na fi ƙauna:

Kwance filta da hannun dama,
Rufe famfon mai, ka sami salama.

A gaskiya famfon ake fara rufewa. Na juya su ne don amsa-amon ya zauna, kuma a aji kullum nakan gyara da baki. Halliru, sabon makanikinmu, bai taɓa zama ajina ba. Ya bi baitin a wayarsa a Maga, ya dawo yana ƙamshin gazuwal, wato man dizal, har rawani. Madam tana zaton sakacinsa ne, ni kuwa na yi gum. Ranar Juma'a za ta yanke ko baitocin su shiga ko a bar su. In na faɗi gaskiya, ina tsoron a binne su duka.

Mai Baitin Inji, Garwa

Malam Mai Baiti, sannu da ƙoƙari. Fara da Halliru: ka je wurin Madam kafin Juma'a ka wanke shi, domin sunansa ya fi baitinka tsada. Ka kuma ba shi haƙuri, da sabulu.

Makanikan suna da gaskiya, wanda hannunsa ke cikin inji ba ya son waƙa. Ɗaliban ma suna da tasu, abin da aka rera ya fi zama a kai. Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Kowane inji a ba shi shafi guda: a sama matakai masu lamba, gajeru, waɗanda za a sauke a waya tun daga Garwa, a ƙasa bayani da hotuna da baitocinka, har da muryarka in ka so. Amma kowane baiti sai makaniki ya gwada shi a kan inji kafin a ɗora, tunda bakinka ba zai bi shafin zuwa Maga ba. Ka nemi Halliru ya zama mai gwajin, ya riga ya biya kuɗin shiga.

Baitin nan kuwa ka juya shi, ko salamar ta zo a farko. Inji bai san amsa-amo ba. Allah ya ba da sa'a, ya ƙara basira.

Hajiya Karimatu