Garkuwar Zalɓe Ta Bi Mai Ita

Ahlenried, 19 ga Janairu, 1791

Zuwa ga Yaya Irmtraud,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Maigida Balthasar da yara. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi?

Yaya, ɗana Leberecht ya rasu. Jiya suka ciro shi daga tafkin da ke bayan gidanmu. Shekara ashirin da biyu.

Kin san Gottlob von Kressin, mijin ƙanwar marigayi maigidana. Sun fita farauta, gadu mai rauni ya haye ƙanƙarar tafki. Kowa ya san ƙanƙarar bana ba ta yi kauri ba. A gaban mutane Kressin ya yi dariya ya ce ai jikan mai tuya ba ya bin nama sai an kawo masa a faranti. Yaron ya sauka daga doki ya bi, ƙanƙarar ta fashe da shi. Mafarauta uku suka faɗa mini, bakinsu ɗaya.

Da ni yake, Yaya. Tun ranar da aka ɗauko ni daga madafi aka mai da ni matar gida bai yafe mini ba.

Yau da safe ya zo da hularsa a hannu, yana kirana 'yar'uwa. Ya ce tunda namiji ya ƙare a gidan, zai roƙi Yarima ya ba shi sunan gidanmu, Ahlenried, da tambarinsa, ya haɗa da nasa. Idan na yarda aka bar tsohuwar al'adar fasa garkuwar gida a kabarin namijin ƙarshe, in zauna a gidan har mutuwata. Idan aka fasa, suna ya mutu, gida da gonaki su koma hannun Yarima, ni kuma waje.

Na leƙa ta taga. Har ya sa an zana zalɓenmu a ƙofar keken dokinsa, gefen kan kurar nan na tambarinsa. Fentin bai bushe ba, gawar ɗana ma haka.

Kin tuna garkuwar katakon da ke zaure? Baƙin zalɓe a fili ruwan ƙwai, da kifi a baki. Leberecht ne ya koya mini labarinta yana ɗan shekara shida, ya hau kujera yana nunawa da cokali: wai kakansu na farko ne ya ratsa da rundunar sarki ta cikin fadama shekara ɗari biyar da suka wuce, yana bin sawun zalɓe. Kazar Baba yake kiranta.

Na ce wa Kressin zan yi tunani. Ki yi mini addu'a, zuciyata ba ta da kyau yanzu.

Ƙanwarki,
Walpurga

Ahlenried, 23 ga Janairu, 1791

Yaya Irmtraud,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso da burodin, na gode, ko da yake ban iya ci ba.

Mun binne shi jiya da hantsi. Kressin ya tsaya a sahun gaba cikin baƙin mayafi mai tsada, ya riga ya faɗa wa fasto a gajarta. Bai san na aika wa tsoho Eberwin von Sall ba, abokin maigidana, don al'ada ta ce sai dattijo mai asali ne zai fasa garkuwar.

Da aka saukar da akwatin, Baba Eberwin ya fito da garkuwar, ya juya ta kai ƙasa. Kressin ya ce masa, "Baba, ajiye, za ka karye kafin ita." Wasu suka yi murmushi. Gaskiya ya kasa. Sau biyu ya buga ta a gwiwa, itacen ya ƙi.

Ni kuwa na zo da gatarin madafi a ƙarƙashin mayafina. Na ce, "Kawo nan, Baba. Faskare aikin 'yar mai tuya ne."

Sara uku. Baba Eberwin ya faɗi kalmomin al'adar sau uku: yau Ahlenried, daga yau babu Ahlenried. Na zuba guntayen a kan akwatin, na cire zoben hatimin gidan na jefa. Manya goma sha ɗaya suka shaida, har da wakilin Yarima, wanda ya rubuta a take. Abin da aka binne ba ya hawa ƙofar keken kowa.

Kressin ya matso ya ce na kashe gida da hannuna. Na ce a'a, shi ya kashe, ni wanka kawai na yi wa gawa. Da zai tafi na ga ya rufe ƙofar keken da bargon doki.

Na yi zaton zan ji sanyi a raina. Na ji, ba zan yi miki ƙarya ba, amma bai kai ni gida ba. Na shiga zaure na tarar da ƙusar garkuwar a bango da kujerar nan da ya hau.

An ba ni zuwa bikin Ista in bar gidan. Ki share mini ɗan ɗakin bayan tanda, har yanzu na iya kwaɓa. Kuma sartse ta shige mini tafin hannu, da ɗan fenti ruwan ƙwai a jikinta. Idan na zo, kada ki ɗauko allura.

Taki har kullum,
Walpurga