Ƙofar Baya

Litinin, 4 ga Maris
Za su toshe ƙofar baya ta ɗakin karatun jami'a, inda na tsufa ina aiki. Asanda, yarinyar da ta zana sabon ginin, ta nuna mana yau: ƙofa ɗaya faffaɗa, babu ta Turawa, babu ta baƙaƙe. Kowa ya tafa. Ni na naɗe hannuna.

Laraba, 6 ga Maris
A ƙofar nan na haɗu da mijina Vuyisile. Lokacin, zamanin wariyar launin fata, ta nan kaɗai aka yarda baƙar fata ya shiga, gefen kwandon shara. Mukan zauna a dakali muna cin fanken amagwinya da zafinsa, mai na ɗiga a littafinsa. Wulaƙanci ne, na sani. Amma ƙuruciyarmu ke nan, ba ni da wata.

Asabar, 16 ga Maris
Na tare Asanda. Ta ce, "Haba Mama, har yau yaranmu ta baya suke bi, ba wanda ya sa su. Ginin ne ke koya musu." Na ce, "Ke da aka haifa jiya?" Ban gaya mata a dakalin nan zuciyar Vuyisile ta tsaya ba. Farfesa guda, amma bai taɓa bi ta gaba ba. Wai ƙafarsa ta saba.

Lahadi, 17 ga Maris
Kewarsa ta dame ni yau.

Juma'a, 22 ga Maris
Ashe an gaya wa Asanda. Ta zo da reshen magaryar kura, irin wanda mutanenmu ke ɗauko kurwar mamaci da shi daga inda ya faɗi. "Mama, kada magina su rufe Tata a waje." Tata, wato Baba, mijina take nufi. Na ce ni 'yar coci ce, ta kwashe kayanta. Mai kunnen ƙashi, a kan teburina ta bar shi.

Talata, 2 ga Afrilu
Gobe magina za su fara. Na ɗauki reshen, don dai kada ya bushe a banza. A dakali na ce, "Vuyisile, tashi mu tafi." Mai ɗauke da reshe ba ya amsa wa kowa a hanya, ɗalibai na ta gaisuwa ina wucewa kamar kurma. Ban san abin da ya sa na zagaya ta gaba ba. Matakalar akwai tsawo, gwiwata ta ji a jikinta. A bakin ƙofa na raɗa masa, "Shigo, Farfesa. Ƙafarka za ta saba."